Gwangwanin Maganin Inna

Ni mace ce mai son a ce ta sani, wannan ba sai an gaya mini ba. Shekara da shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Damagaram, yara suna rubuta abin da na faɗa ba musu, sai halin ya bi ni har gida. A danginmu idan takarda ta zo da Faransanci, ni ake nema. Da wayoyin nan suka zo da manhajar da za ka rubuta wa tambaya ta amsa maka kamar mutum, sai kaina ya ƙara girma. Da ita nake shirya darasi, da ita nake gyara wasiƙa, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Shekarar da hawan jini ya kwantar da Inna, mahaifiyata, a gidanmu na Mirriya, duk Asabar nake shiga mota in je in duba ta. An kai ta dispanser, ƙaramin asibitin garin. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya gwada ta ya rubuta mata ordinans, takardar magani: ƙwaya ɗaya kullum da safe, a rage gishiri. Da a wani gari ne, da magana ta ƙare a nan.

Amma a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wata ta kawo fura, wata lemo, kuma duk wadda ta taɓa yin ciwo mai kama da naka sai ta kunce bakin zanenta ta ciro ragowar maganinta. "Wannan shi ya tashe ni," in ji ta. Ba a cewa a'a. Wanda ya ƙi maganin ɗan dubiya kamar ya ce masa ba ya son zuwansa ne. Inna kuwa ba ta iya ɓata wa kowa ba. Sai ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara. Yawancinsu babu kwali, babu takarda, a ƙulle cikin leda. Ba ta san sunansu ba, da masu su ta san su: na maƙwabciya, na matar liman, na Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke Zermu. Gwaggo har da jiƙon ganye ta aiko a jarka.

Wata Asabar da hantsi na tarar da ita zaune a tabarma, ta zazzage gwangwanin a gabanta, kanta yana sara. Ta ce, "Ke da kika yi boko, duba mini. Mutane suna ta tambayata ko na sha nasu, ni kuma ina jin tsoro. Anya ba su yi yawa ba?"

Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta yi tambayar da ta dace. Ni kuwa na ciro waya.

Biyu daga cikin magungunan suna da suna a jikin takardarsu, na majo da na maƙwabciya, duka na hawan jini, sai na rubuta su. Na Gwaggo farare ne zagayayyu, na dube su na yanke hukunci da kaina cewa na ciwon kai ne, haka na rubuta. Jiƙon ban ma ambace shi ba, don a wurina ruwan ganye ne, tun muna yara muke sha. Manhajar ta amsa da ladabi, layi bayan layi, ta ce akan haɗa irin waɗannan biyun idan likita ya tsara, na ciwon kai kuma yawanci ba ya rigima da su. Ba zan yi mata ƙarya ba, a ƙasa ta ce a tuntuɓi ma'aikacin lafiya. Na tsallake wannan layin yadda ake tsallake gaisuwa a ƙarshen wasiƙa.

Na ce, "Inna, sha. Na tambaya."

Ta haɗiye duka ukun da na rubuta, ta kora da kofi guda na jiƙon Gwaggo.

Bayan azahar ta tashi za ta yi alwala, sai na ji buta ta faɗi. Na fito na same ta a ƙasa, jikinta sanyi ƙalau, gumi yana tsattsafo mata, idonta a buɗe amma ba ta gane ni ba. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ni da maƙwabta muka sa ta a adaidaita zuwa dispanser, na rungume kanta, gwangwanin a cinyata, ban ma san na ɗauko shi ba.

Majo ya ɗaura mata abin gwaji a hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya sa aka ɗage ƙafafunta aka sa mata ruwa. Sai da ta fara motsa baki sannan ya juye gwangwanin a kan tebur. Ya ɗauki fararen Gwaggo ya juya ɗaya a tafin hannunsa. Ya ce shi ma na hawan jini ne, mai ƙarfi kuwa. Uku ke nan masu aiki ɗaya a lokaci guda, ga jiƙon da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Jinin da ake so ya sauka ya sauka har ya nemi wucewa da ita.

Ya ce, "Malama, wa ya ce a haɗa mata?"

Na ce waya na tambaya.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "Ita ba ta ga ƙwayar ba, ba ta ga tsohuwar ba. Abin da kika gaya mata shi ta yarda da shi." Ya koma wurin Inna ya bar ni tsaye da leda a hannu.

Kwana biyu ta yi ta dawo gida. Na ɗauki hutu, na kafa kujera a bakin ɗakinta. Duk wadda ta fara kunce bakin zane sai in ce, "An gode, Allah ya saka, amma mayar da shi." Fura ina karɓa, addu'a ina cewa amin, ƙwaya kuwa ko rabi ba ta shiga ɗakin nan. Aka ce boko ya sa na raina manya. Gwaggo ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata. Ko a jikina, kuma gobe ma haka zan yi. Manhajar tana nan a wayata, ina shirya darasi da ita, amma abin da zai shiga cikin mutum, wurin majo nake kai shi da kwalinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ga 'yan dubiya ma cewa take 'yarta ce ta cece ta. Na zaunar da ita na gaya mata gaskiya, ni ce na ce ta sha. Ta ce ai ta sani, tana nan lokacin.

Har yau idan na je na miƙa mata ƙwayarta guda ɗaya, ba ta dubawa. Takan riƙe ta a hannu ta ce, "Kin tambaya?"

In ce, "Na tambaya, Inna. Majo na tambaya."

Ba ta ma jiran in ƙarasa, tun a kalmar farko ta riga ta haɗiye.