Sakatar Jirgi a Wuyan Bijimi

Har gobe ban manta da ranar da na ɗaura wa bijimi lambar shaida ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen binciken haɗarin jiragen sama. Wani jirgin fasinja yana tashi daga Sakkwato murfin injinsa ya ɓalle, injin ya mutu, matuƙin ya juyo ya sauka lafiya. Nan take aka dakatar da Isiya, makanikin da ya rufe murfin. A aikinmu ƙarfe ake tambaya. In sakatar murfin lafiya take, Isiya ne bai kulle ba, aikinsa ya tafi. In karyewa ta yi, ba ruwansa. An tsinci murfin, sakata kuwa ko sama ko ƙasa.

Aka ce makiyaya sun ratsa bayan filin ran nan. Ni da ogana, Injiniya Bala, muka bi sawu har kasuwar Tambuwal, daga nan aka tura mu rugar wani Jaɓɓi a Kebbe.

"Awo, ni na tsince ta," in ji Jaɓɓi. "Ƙarfen da ya faɗo daga sama bai kashe kowa ba, ai magani na. Na ba baduku ya ɗinke shi laya. Ga shi can wuyan Goje."

Goje bijimi ne, ƙahonsa ya kai tsawon hannuna.

Jaɓɓi ya ce bari ya kwanto mana. Oga ya ce a'a, doka ta ce a ɗauki hoton shaida a inda take, a sa mata lamba, kuma jami'i kaɗai zai taɓa ta. Yana faɗa yana kallona. Wallahi na tsani mutumin nan a ranar.

Na sa safar hannu na matsa. Lambar dai ta ɗauru. Abin da ya biyo baya, na tsinci kaina a kan reshen kalgo, takalmi ɗaya, Oga yana ta ɗaukar hoto. Sai da aka kawo wa Goje dusa ya lafa, sannan na yanko layar.

A ɗakin gwaji aka farke fatar. Saboda fatar, duk ruwan daminar da aka yi bai taɓa ƙarfen ba balle ya yi tsatsa, tsohuwar tsaga ta fito sarai: karyewa sakatar ta yi. Isiya ya koma aiki.

Ku yara, abin da kuke kira jahilci wani lokaci shi ke adana muku shaida. Isiya ko sannu bai ce mini ba. Buhun dusa ya ɗora a babur, ya tafi Kebbe gaida Goje.