Mai Irin Filasko a Kasuwar Kwastam

A bakin Kasuwar Kwastam akwai wata tsohuwa da maƙwabtanta ke kira Ya Amsa. Siririya ce, da tsagar Barebari a kumatunta. Tana zaune kan buhu, a gabanta ƙoƙon irin filasko, ganyen nan da ake sha don wanke ciki.

Na tarar da wani magidanci yana tsaye yana ƙorafi, wai irin da ya shuka bara ya mutu, ko ɗaya bai tsiro ba.

"Bai mutu ba, ɗana, barci yake yi," in ji ta. Tana goga ƙwaya ɗaya a kan dutse a hankali, har ɓawon ya karce. "Ta nan ruwa zai shiga ya tashe shi."

Ya miƙo leda, ta ture, ta ƙulle masa irin a tsumma. "Mai barci ma yana numfashi. Kada ka toshe masa hanci."

Ina zaton farin shekarun nan ne ya koro ta daga ƙauyensu, kuma da wannan ƙoƙon kaɗai ta tsira. Mutumin ya juya zai tafi, ta riƙo bakin rigarsa.

"In ya yi 'ya'ya, ka dawo mini da kaɗan."