Sa Hannun Dattijo Kumai

Shekara tara na yi ina buga wa Lauya Gilbert Kambai tafireta a Kafanchan, kuma a shekarun nan ban ga an kawo masa katin gayyatar biki sau biyar ba. Na san haka domin ni nake buɗe wasiƙunsa.

Ɗan wani mai bishara ne daga Kagoma. Ya yi karatun lauya a Zariya, ya dawo a 1971 ya kama ɗaki biyu kusa da tashar jirgin ƙasa. Abokan karatunsa sun tafi Kaduna da Legas sun yi tumbi. Shi kuwa sai ya zaɓi mutanen da bashi ya shaƙe wa wuya: manoman citta da suka ci kuɗi tun ba a tona ba, teloli da ake shirin ɗauke wa keken ɗinki, masu tireda da jari ya karye. Aikinsa shi ne ya hana a yi gwanjon kayan mutum, ya zaunar da mai bin bashi a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Da doya ake biyansa, wani lokaci da akuya. Matarsa Emilia, ma'aikaciyar jinya ce, ta ce ita ba ta ga makarantar da take karɓar doya ba, ta kwashi yara ta koma aiki Jos. Da Kirsimeti suke zuwa.

Mutanenmu suna da wani hali da yake ba ni haushi har yau. Wanda Lauya ya fitar daga rami ba ya gaishe shi a kasuwa, don kada a ce me ya haɗa su. A majami'a sai ka ga gefensa fili, ga manya da ya ceci gonakinsu sun takure a baya kamar kaji a akurki. In na yi mita sai ya ce, "Mildred, bar su. Kunya ne."

Mutum ɗaya ne yake shigowa ofishin nan ba da takarda a hannu ba, shi ne Kumai. Tare suka yi kiwon awaki a Kagoma. Kumai ya zama manomin citta kuma dattijon ikilisiya, mai biro biyu a aljihun gaba. Kowace Asabar yakan hau kekensa ya zo, su baje dara a gindin mangwaro, suna yi wa juna tsiya da yarensu. Ranar kaɗai nake jin dariyar maigidana.

A 1976 Kumai ya sayi injin niƙa bashi a wurin wani ɗan kasuwa daga Kaduna, ya ba da gonar gidansu jingina. A wurinmu jingina ba ta mutuwa. Ko jikanka ya kawo kuɗin, gona ta dawo. Abin da Kumai ya ɗauka ke nan. Takardar kuwa cewa ta yi in wata goma sha biyu suka cika bai biya ba, gona ta zama ta ɗan kasuwa har abada. Injin ya yi wata huɗu ya tsaya, aka rasa kayan gyara. Gonar nan ita take ciyar da gida uku, kuma kabarin ubansa yana cikinta.

Wata ranar Talata Kumai ya zo, da takarda a hannu. Wa'adi ya cika, ɗan kasuwa ya aiko yana neman gonar.

Lauya ya karanta sau biyu. Ya ce, "Kumai, ka karanta wannan kafin ka sa hannu?"

"Na duba shi."

"Ban ce ka duba ba."

Kumai ya sunkuyar da kai. A nan na gane abin da Lauya ya sani tun suna yara: Dattijo Kumai bai iya karatu ba. Littafin waƙoƙin da yake buɗewa a gaban jama'a, duk a ka yake. Sunansa kawai ya koyi zanawa, da wata doguwar jela a ƙarshe. Da ɗan kasuwa ya miƙo masa tawadar dangwale, sai ya ture ta ya zaro biro, don akwai mutane a wurin. Da ya dangwala yatsa, da dole a kawo wanda zai karanta masa takardar ya fassara, a rubuta cewa an yi hakan. Sa hannun nan mai kyau shi ya rufe wannan ƙofa.

Lauya ya ce, "Hanya ɗaya ne. Sai kotu ya gani da ido cewa ba ka iya karatu ba."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

"Gilbert, ka nemi wani hanya."

Sati uku yana nema. Ya je Kaduna sau biyu ya roƙi ɗan kasuwan, har ya ce zai sa motarsa a madadin gonar. Mutumin ya ce shi ƙasa yake so. Da ya dawo na ce masa ya miƙa shari'ar ga wani lauya a Jos, wani ya yi wannan aika-aikar. Ya ce wani ba zai san inda zai taɓa ba. Na ce, "To ka san Kumai ba zai sake zuwa ba." Ya ce ya sani, in buga takardun.

Ranar shari'a kotu ta cika, domin rabin ikilisiya sun zo mara wa dattijonsu baya. Lauyan ɗan kasuwa ya ɗaga takardar yana nuna sa hannu, ya ce a dubi wannan a ce jahili ne ya yi shi. Sai maigidana ya tashi, ya miƙa wa Kumai Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya ce ya buɗe Zabura ta ashirin da uku ya karanta. Kumai ya buɗe wani wuri, ya karanto ta tsaf, da muryar da muka saba ji ranar Lahadi. Lauya ya ce akawun kotu ya duba shafin. Akawu ya duba, ya ce littafin Ayuba ne.

Wani ya yi dariya a baya, aka tsawata masa. Ni dai na kasa kallon kowa. Lauya bai tsaya nan ba, don ya san rabin aiki ba zai ceci gona ba. Ya nuna kalma ɗaya da yatsa ya ce, "Wannan fa?" Ya nuna wata. Sau huɗu yana tambaya, sau huɗu Kumai yana cewa bai sani ba, muryarsa tana ƙanƙancewa. Ban taɓa tausayin mutum biyu a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Alƙali ya soke sharaɗin mallakar gona, ya ce a biya kuɗin inji cikin kaka uku. Kumai ya fita ta ƙofar gefe. A watan nan ya ajiye dattijancin ikilisiya da kansa, ba wanda ya ce ya ajiye.

Lauya ya ci gaba da aikinsa har ƙarshen 1979, lokacin da ciwon suga ya sa dole ya rufe ofis ya bi iyalinsa Jos. Kafin nan, a kakar shekarar, Selina matar Kumai ta zo. Ta ƙi zama. Ta ce sun gama biyan inji, kuma za su aurar da Lucia, 'yarsu ta fari, wadda Lauya ne uban baftismarta.

Ta ce, "Baban Lucia ya ce in gaya maka ya gode. Ya ce ba don kai ba, da yanzu muna kwana a titi." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ya ce kuma, don Allah, kada ka zo."

Lauya ya gyaɗa kai. Ya ce, "Citta ya yi kyau bana?"

"Ya yi kyau."

"To, madalla. Ki gaida gida."

Da ta fita ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen riga. Sannan ya ce in shigo da mutum na gaba. Na san babu kowa a waje, amma na tashi na je na duba.