Wanda Ya Hau Dabinona

Yanzu idan mai dabino a Dutse tafiya ta kama shi, sai ya yi magana da masu hawa, su yi masa aikin, ya kama hanyarsa hankali kwance. Lokacin da nake sabon magidanci ba haka abin yake ba. Babu mai sana'ar hawa. Kowa shi ke hawa nasa, kuma ba a hawa itacen wani sai da izininsa. Wanda aka gani a kan dabinon da ba nasa ba, ko a ce ɓarawo ne, ko a ce yana shirin cewa da rabonsa a ciki.

Dabino akwai namiji akwai mace. Cikin sanyi kuben furen macen yake tsagewa, sai mutum ya yanko furen namijin, ya hau, ya kaɗa farin garinsa a kai, ya cusa reshe ɗaya a tsakiya ya ɗaure. Barbara ke nan. Kwanakinta kaɗan ne. Idan suka wuce, 'ya'yan sai su fito ƙanana, ba ƙwallo, yawanci ma su zube. Daga baya na ga ana yin haka a Agadas, na gani a bakin kogin Nilu, na gani a Madina, ko'ina hannu ɗaya ne, igiyar hawan ce kawai ta bambanta.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mu ni da wana a gida ɗaya, gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Dabinon ne ya raba mana tun yana raye. Wana goma sha ɗaya, ni shida, a bayan gida ta wajen kwari. Da waɗannan shidan nake yi wa iyalina sutura.

Shekaru kaɗan da zuwan Turawa, wani Bature ya fito rangadi, aka aiko wa dagaci ya ba da 'yan dako, kowane gida mutum ɗaya. Ni ne ƙarami, ni na tafi. Matata kwana uku da haihuwa, dabinona kuma kube ya cika ya kumbura, saura kaɗan ya fashe. Ban ce wa wana komai a kansa ba. A ganina magana ce da ba sai an faɗa ba.

Kayan da ya faɗo kaina bahon wankan Baturen ne. Ba shi da nauyi, amma iska tana kama shi, ga ƙara duk inda reshe ya taɓa. Muka bi ta Aujara, muka yi Miga, muka gangara bakin kogi. An ce mana kwana goma, muka yi wata guda. Kowane ƙauye muka shiga ina duban dabinon mutane ina lissafin nawa.

Ranar da na dawo, da la'asar, ko zaure ban shiga ba, na zaga bayan gida. Duk shidan an yi musu barbara, kowane nonon dabino a ɗaure tsaf, 'ya'ya sun fara kamawa. Na shigo na durƙusa gaban wana.

"Yaya, na ga aiki. Allah ya saka da alheri."

Ya dube ni ya ce, "Ba ni ba ne. Ban samu sarari ba. Nawa ma uku sun wuce ni."

Na koma na duba da kyau. Ba da ganye aka ɗaure su ba kamar yadda muke yi, da guntayen baƙin zare ne, irin ragowar saƙa. Masaƙi ɗaya ne a unguwarmu, wani dattijo Babarbare da ke zaune a ƙarshen kwarin. Ba dangi, ba surukuta, ko gayya ba ta taɓa haɗa mu ba. Abin da ke tsakaninmu wasa ne kawai, domin mahaifiyata Bafulatana ce.

Maimakon in yi murna, sai zuciyata ta ɓaci. Na ce a raina, baƙo ya hau, ɗan'uwana na jini bai hau ba, ni kuwa saboda gidan nan na ɗauki bahon wani a kai wata guda. Daga ranar na daina cin tuwo da wana a zaure. Na fara tara kara. Niyyata in ja danga a tsakar gida, in fasa ƙofata daban, da kaka kuma a raba gandu.

Kwana biyu bayan haka na je wa masaƙin godiya. Na same shi a gindin masaƙarsa, ƙoshiya tana kai da kawowa.

"A'a, ɗan Fillo ya dawo. An ce kai ne ka yi wa Bature dakon kwanon wanka. Da saniya ce da ba ka gaji ba."

"Baba, ai gara ni, an ga ƙarfina aka zaɓe ni. Babarbare ko tulu aka ɗora masa sai ya nemi mai kama masa."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na gyara zama na yi masa godiya sosai, na ce idan dabino ya nuna, nono biyu nasa ne.

"Riƙe abinka. Haƙoran da zan ci da su sun riga ni tafiya." Ya nuna gabansa da haɓa. "Ka ga inda nake zama. Duk na ɗaga kai, naka nake gani. Na ga sun tsage, kwana ɗaya, kwana biyu, ƙudan zuma suna ta zagayawa, ba kowa. Ga namijin dabino a bakin dangata yana zubar da gari a banza. Idona ne ya dame ni. Na je na gaya wa dagaci don kada a ce tsoho ya fara sata, na hau ɗaya. Da na sauko ban mutu ba, sai na hau na biyu."

Na ga sawun ƙaya a hannuwansa, wasu ba su gama warkewa ba. Nan na kasa haƙuri, na ce, "Kai da ba ka haɗa komai da ni ba ka yi wannan, wanda muka fito ciki ɗaya ya zauna yana kallo."

Ƙoshiya ta tsaya.

"Kai yaro, ban hau don in ba ka sandar dukan yayanka ba. In haka za ka yi da shi, da na sani na yi zamana." Ya ci gaba da saƙarsa.

Duk da haka ban sauko ba. Na tafi wurin malamin da ya koya mana karatu ni da wana, ina so ya ce wana ya yi laifi, in samu abin dogara wajen raba gida. Ya saurare ni har na gama, yana gyara alƙalaminsa da wuƙa.

"Ka roƙe shi ya hau maka?"

"Allah ya gafarta Malam, ban roƙa ba."

"Ya yi maka alkawari?"

"Bai yi ba."

"To. Tun kuna yara na karanta muku, amma kai lokacin hankalinka yana kan goruba. Akwai wajibi, wanda in ka yi ka sauke nauyi, in ka bari ka yi laifi. Akwai wanda in ka yi ka samu lada, in ka bari ba a kama ka da komai. Na masaƙi na biyun ne. Da yayanka ya hau, da ya kyauta. Bai hau ba, ba zan ce maka ya yi zunubi ba, ko ka kwana nan kana jira."

"Amma Malam, ni fa don gidan na tafi."

"Ka tafi don gidan, shi ya zauna don gidan. Ka bar mace da jego. Wa ya yi itacen wanka?"

Wallahi ban taɓa tambaya ba.

"Je ka tambayo, sa'an nan ka dawo mu yi maganar danga."

A garinmu mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kuma samo itacen a wuyan mijinta yake. In ba ya nan, sai maigida. Na shiga ɗaki na tambayi matata. Ta dube ni kamar wanda ya tambayi ko rana tana fitowa.

"Yaya mana. Kullum da sassafe yana bayan dutse da gatari, ya dawo ya ɗebo ruwa, ya ba awakinka abinci. Ragon suna ma shi ya kama daga cikin nasa. Kai da ka dawo wa ka tambaya? Itatuwa ka fara gaisarwa kafin ɗanka."

Da magariba ta yi na wanke hannu na fito zaure. Wana yana zaune da akushi a gabansa. Na zauna. Ya juyo da gefen da miya ta fi yawa wajena. Can na ce, "Yaya, ashe itace ya ba ka wahala."

"Ai dole ne," ya ce. "Ci, zai huce."

Na yi tafiye-tafiye bayan wannan, na zauna da mutane iri-iri. A Hartum na san wani Bature malamin makaranta, mai son gardama, muna hira da Ingilishi haɗe da Larabci. Ra'ayinsa shi ne duk alherin da mutum yake da ikon yi, dole ne a kansa, in bai yi ba ya gaza. Na ba shi labarin masaƙi. Na ce in haka ne, tsohon nan bai cancanci godiya ba, bakin aikinsa ya yi, kuma duk mazan unguwarmu masu laifi ne tun da kowa ya ga furen ya tsage. Ni ban yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ya ce to me zai sa mutum ya yi abin da ba a ɗora masa ba? Na ce wannan ban sani ba, mutumin da na sani ya ce idonsa ne ya dame shi. Ba mu daidaita ba, amma mun sha shayi tare.

Abin da na lura a ƙasashen da na bi shi ne, kowane harshe yana da kalma mai daɗi ga wanda ya yi fiye da nasa, ana kuma ba da labarinsa. Wanda ya tsaya ya sauke nauyin da ke kansa kowace safiya, da wuya a tuna a ce masa sannu. Ni ma sai da aka aike ni na tambayo.

Masaƙin ya ƙi karɓar dabino har ya rasu, sai dai in na kai wa jikokinsa ba ya hanawa. Ni da wana ba mu raba gandu ba, a gida ɗaya muka aurar da 'ya'yanmu. Daga wannan shekara kuma na daina riƙe mutum a zuci don bai yi mini abin da ba dolensa ba ne.