Da An Cire Albasa Za a Sauke Tsoho

Wata Asabar ce cikin watan Fabrairu, shekarar da nake aji huɗu na firamare, an sauko daga sallar la'asar ke nan. Ina zaune a bakin zaurenmu na Illela da ƙaramin turmi tsakanin ƙafafuna ina kirɓa lawashin albasa, idanuna suna zubar da ruwa saboda yajinsa. Baba yana kan buzunsa, ya kara rediyo a kunne kamar mai sauraron numfashin marar lafiya. Bayan katangarmu akwai gidan kallon ƙwallo, rumfar kwano ce da janareta mai yawan tari, kuma daga irin ihun da ya tsallako katanga Baba yakan san wanda aka ci tun kafin mai sharhi ya faɗa. Ranar ihun da ya tsallako na dariya ne da buga benci. Baba ya sauke rediyon a hankali ya ce, "An ci mu." Ba a jima ba ƙaninsa, Baffa Sahabi, ya fito daga rumfar, ya tuɓe jar rigar da ya ɗora bisa kaftaninsa ya rataya a kafaɗa, ya tsaya a kan Baba yana huci. "Yaya, wanga Tsoho naka shi zai kashe mu. A sauke shi mu huta!" Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce abin da ya saba cewa: "Ku ba shi lokaci."

Ƙungiya ɗaya suke goyon baya a gasar Ingila, masu jajayen riguna, kuma tun kafin a haife ni suke tare a kanta. A gidanmu ba a cewa sun ci ko an ci su, sai dai mun ci ko an ci mu. Wannan "mu" ɗin ta daɗe tana ruɗa ni. Ina ƙarama na ɗauka muna da dangi a Ingila kamar yadda muke da su a Ƙonni ta Nijar, waɗanda ke zuwa ranar kasuwa da sefa a aljihu da tsarabar alewa. Shi kuwa kocin ƙungiyar, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da ita, Baba ba ya kiransa da komai sai Tsoho. Har na taɓa sa shi cikin addu'ar da nake wa kakanni, na kuma tambayi Inna dalilin da bai taɓa zuwa mana yawon sallah ba. Ta yi dariya har ta zubar da tsakin da take tankaɗe. A zuciyata na zana shi da farin gemu da sanda, yana zaune ƙarƙashin wata bishiya da ba ta da ganye, ruwan sama na sauka a kansa, shi kuma yana jiran yaransa su dawo daga fili.

Tsoho ne ya fara raba Baba da Baffa, ko kuma haka na zata. Baffa yana ganin kocin ya ƙare, wai bayanmu a buɗe yake kamar gona ba shinge, mai tsaron raga hannunsa rariya, ga rowa ta hana shi sayen ɗan gaba mai cin ƙwallo alhali sauran ƙungiyoyi suna ta zuba dukiya. Baba kuma yana cewa mutumin reno yake yi, yana ɗauko yara tun ba su da gashin baki ya koya musu taɓa tamaula, kuma wanda ya iya reno ba a auna shi da kaka ɗaya. Maƙwabcinmu Ɗanjumma tela, mai goyon bayan masu shuɗiyar riga, shi ke ƙara wa wutar kara. Duk Litinin in zan wuce makaranta sai ya leƙo ta bayan kekensa ya ce, "Luba, ki gaida Babanki, ki ce ina taya ku addu'a Allah shi ƙara wa Tsoho tsawon rai a kujera!" A makaranta ma ba a tsira ba. Mu mata muna gindin dogon yaro muna carafke da 'yar gala-gala, maza suna bin ƙwallon tsumma a rana, kowa ya laƙaba wa kansa sunan wani ɗan wasa, in aka tashi kuma su bi ni da waƙar "'yar gidan Tsoho, an ci ku, an ƙoshi." Nakan dawo gida da kuka, Baba ya share mini fuska da gefen rawaninsa ya ce, "Mai haƙuri shi ka dafa dutse, ɗiyata."

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne gardamar tana da gindi a wani wuri. Muna da gandun albasa a fadamar Kalmalo, gadon kakanmu, kuma tun rasuwarsa Baba ne ke riƙe da shi a matsayinsa na babba. Shi ke cewa ga ranar dashe, ga ranar ban ruwa, ga ranar cira, makullin ɗakin injin ban ruwa kuma yana ɗaure a igiyar wandonsa. Ba ya sayen iri a kasuwa. Nasa yake fitarwa, ya zaɓi kawunan da suka fi kyau ya bar su su yi fure, ya tara irin a cikin ƙwarya ya rene shi a fangali, gurbin shuka mai kunya kewaye, kamar jariri. In an yi hutu yakan ɗauke ni a bayan babur mu tafi, in zauna a kan kunya ina kallon ruwa yana bin lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, balbelu suna sauka, masunta can nesa a bakin tafki suna shanya koma. Ban san wuri mai daɗin wannan ba. Amma shekara biyu a jere albasar ta ba mu kunya. Ta farko tsutsa ta ci ganyen, ta biyu kuma ta ruɓe a cikin rudu, rumfar karan da ake adana ta, har warin ya riƙa biyo Baba gida a jikin riga. Baffa yana son a sayo irin waje mai saurin girma, a sake inji, a ƙara taki. Baba yana cewa ƙasa ta san irinta, a ba ta lokaci. Sai dai Baffa ba ya iya duban tsabar idon wansa ya ce ya gaza. Ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Shi ya sa duk abin da ke cikinsa yake sauke wa wani Bature da bai san da zamansa ba, a gaban kwanon tuwo ɗaya da suke ci tare, Baba kuma ya kare Baturen har miya ta huce.

A waccan Asabar ɗin, da na gama kirɓa lawashin na dunƙula shi gabu na jera a faifai ya bushe don miya, Inna ta aike ni in kai wa awaki dusa kafin magariba. Garken yana bayan ɗakin kakarmu Inno. Ina tsugune ina dama dusar da ruwa sai na ji muryar Baffa ta ɗaya gefen zana, yana waya da ƙaninsu da ke aikin gwamnati a Sakkwato. Muryarsa a ƙasa take, ba irin ta gardamar ƙwallo ba, amma kalmomin duk na san su. Ya ce haƙuri ya ƙare. Ya ce ba a yi wa kaka uku asara saboda kunyar mutum ɗaya. Sannan ya ce, "A bari kaka ta ƙare. Da an cire albasa za a sauke Tsoho. Inno ta aminta."

Na bar awaki da kwano na ruga. Abin da ke raina kawai shi ne na samo labarin Ingila tun kafin rediyo ya samu, kuma gara Baba ya ji daga bakina da ya ji daga bakin Ɗanjumma tela. Na same shi a gindin randa yana alwala, ya wanke ƙafa ɗaya. Na faɗa masa duka, ina haki, ban rage ko kalma ɗaya ba.

Ya fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Luba, Turawa sun san lokacin cirar albasa? Yaushe kuma Inno ta shiga cikin masu ƙungiya?"

Dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Na ga ta tsaya a fuskarsa kamar ruwan da aka datse a lambatu. Butar tana karkace a hannunsa, ruwa na zuba a ƙasa ba a kan ƙafarsa ba, har ta ƙare. Can ya ce, "Wa kinka ji ya faɗi haka?" Na ce Baffa. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Tahi ki taya innarki aiki." Sai ya sake cika butar ya faro alwalar daga farko.

Bai jira an cire albasa ba. Washegari Lahadi, ranar kasuwar Illela, gari ya cika da kukan shanu da ƙarar manyan motoci, Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya shiga ɗakin Inno, ya aika aka kira Baffa. Ni ina tsakar gida ina wanke-wanke, ina ganinsu ta ƙofa. Ya kwance makullin ɗakin inji daga igiyar wandonsa, ya daɗe yana fama da ƙullin domin ya shekara da yawa ba a kwance shi ba, ya ajiye a kan tabarma gaban mahaifiyarsu. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Ga shi, Inno. Ba sai an kai ƙarshen kaka ba." Inno ta ja mayafi ta rufe fuska. Baffa ya sunkuyar da kai yana kiran "Yaya, Yaya," amma bai mayar masa da makullin ba. A nan ne, da hannuna cikin ruwan toka, na gane waye Tsoho, na kuma gane abin da na ɗauko da gudu na kai.

Ba a yi faɗa ba, da ma an yi. Gaisuwa ba ta yanke ba, sai dai ta gajarce. Kwanon tuwo ya zama biyu. Da damina ta wuce aka ja zana a tsakar gida, wai don awaki, bayan shekara zanar ta zama katangar bulo. Albasar Baffa ta yi kyau a shekarar farko, aka yi ta loda buhuna, ta biyu ta yi dama-dama, daga nan ta koma yadda albasa take, wata shekara dariya wata kuka. Baba bai ƙara taka fadamar Kalmalo ba, ni ma ban ƙara hawa bayan babur ɗin ba. Ƙwaryar irinsa ta zauna a kan bango har ƙwari suka cinye. Can Ingila kuwa ba a sauke kowa ba a waccan kakar. Kocin ya ci gaba da zama a kujerarsa, Ɗanjumma ya ci gaba da tsokana, sai dai ya rasa wanda zai aika wa, domin Baba ya naɗe rediyonsa a tsumma ya sa a ƙasan akwati. In ihu ya tsallako katanga ranar Asabar, yakan tashi ya koma cikin ɗaki. Wata rana na tambaye shi ko mun ci. Ya ce, "Sun ci, ina zato." Daga ranar ban ƙara jin "mu" a bakinsa ba.

Ina aji biyu na sakandare ya rasu, bayan gajeruwar jinya. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ta bakin da ya ji ba. Na sha gaya wa kaina cewa ko ban faɗa ba za a sauke shi, abin da na rage masa bai wuce wata biyu ba. Amma wata biyu ne na ban ruwa da balbelu, da cin tuwo a kwano ɗaya da ɗan'uwansa, kuma ni na karɓe su.

Yanzu ina koyarwa a Sakkwato, nakan je gida lokacin hutu. Rumfar kwanon ta zama shagon sayar da wayoyi, kowane yaro da filin wasansa a tafin hannu. Masu jajayen riguna sun sake koci, ba a ƙara barin kowa ya tsufa a kujera ba. Wasa uku in ba a ci ba, ɗalibaina sun fara rubuta a sauke shi, wai ɗan baya ya yi nauyi, ɗan gaba ya manta hanyar raga. Zuwana na ƙarshe na tarar da Baffa Sahabi a bakin zaure, gemunsa ya yi fari fat, makullin yana ɗaure a igiyar wandonsa, 'ya'yansa maza biyu suna tsaye a kansa da wayoyi suna zagin sabon koci, suna cewa zamani ya wuce shi. Ya daɗe yana saurarensu. Sannan ya ce, da muryar da ta sa na ajiye jakata a ƙasa, "Ku ba shi lokaci." Babu wanda ya juyo. Ni kaɗai na ji, muka haɗa ido, shi ya fara kawar da kai.

Har yau in na kirɓa lawashi nakan bar mutane su ɗauka yajinsa ne.