Kwana Uku a Anbariyya da Ɗanyen Abinci

Mun tashi da asuba daga Yanbu, ni da wani abokin aikina na matatar mai, a tsohuwar motarsa mai kaset ɗaya tal. Shi zai je wajen iyalinsa a unguwar Ƙiblatain, ni kuma zan gaida mahaifiyata a unguwar Anbariyya, duk a Madina. Wata takwas rabona da Madina.

Ga waɗanda ba su san dalili ba: bara bayana ya riƙe, jikina ya yi nauyi, har likitan kamfani ya ce in ban rage ba za a cire ni daga aikin fili. Wani Ba'indiye da muke aiki tare ya koya mini yoga ta ɗaki mai zafi. A rufe ƙofa, a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a yi awa ɗaya da rabi ana miƙa gaɓoɓi ana daidaita numfashi. Na haɗa da barin duk abin da ya taɓa wuta. Kullum nake yi, kuma bayan ya saki. Abin da ban taɓa gwadawa ba shi ne yin haka a gidanmu.

Hanyar lafiya lau take, kwalta sumul, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. A Badar muka tsaya karin kumallo. Abokina ya sayi ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, riyal uku, ya zauna gabana yana ci a hankali, wai don ya gwada imanina. Ni na sayi kankana a bayan wata motar a-kori-kura, riyal biyar babba, na haɗa da dabino da gyaɗar da na jiƙa tun jiya. Mai kankanar ya ga ina ci da safe, ya tambaye ni ko jinya nake.

Mun shiga Madina da hantsi. Lokacin ɗanyen dabino ne, kwali-kwali a bakin kowane shago, ga ƙanshin na'ana. Na fara zuwa masallacin Annabi na yi sallama, sannan na wuce gida.

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa ƙanwata, "Wannan yaron asibiti ya kwanta ba a gaya mini ba?" Na ce lafiyata ƙalau. Aka shimfiɗa ledar abinci: tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da wasu alhazan Kano suka kawo mata take ɓoyo, ga kaza. Na yi bayani da Hausa, ƙanwata ta maimaita da Larabci, ko zai fi shiga. Inna ta ce, "Halas, shi ke nan, yadda kake so." Na ci kokwamba da tumatir a gefe. Na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari bayan azahar na hau ɗakin ajiya da ke saman soro. Ba ya buƙatar hita, rana ta gama aikin. Na shimfiɗa tawul na fara. A Yanbu na san zafin ɗakina, na kuma san yawan ruwan da nake sha. A nan ban lissafa bushewar iskar Madina ba. Wajen minti arba'in, ina tsaye da ƙafa ɗaya, na ji kunnena ya toshe. Na farka Kawu, yayan Inna, yana zuba mini ruwa a ka. Ƙarar faɗuwata ya ji daga ƙasa.

Da na dawo hayyacina ya zauna kan buhun shinkafa ya ce, "An ce mini bautar Indiyawa kake yi."

Na ce, "Kawu, ba na karanta komai, ba na rusuna wa kowa. Motsa jiki ne. In kun yarda in nuna muku."

Na nuna masa guda uku. Ya kalla, sannan ya ce, "Ni dai ban ga shirka ba. Wauta na gani. Mutum ya rufe kansa a tanda da azahar, cikinsa ba komai sai kokwamba." Ya miƙe, a bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ka tambayi ƙanwarka abin da uwarka ta ci tun jiya."

Na tambaya. Ƙanwata ta ce shayi kawai. Tun da na ture tuwon, Inna ta rufe kwanonta ta ce ba ta jin yunwa, ga shi tana shan maganin sukari. Kwana biyu ta yi tana shirin girkin nan.

Da la'asar na same ta a tsakar gida da turmi. Ta jiƙa gero ta surfe, tana dakawa da dabino da citta. Ta mulmula ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. "Gumba ce. Ba ta ga wuta ba. In ɗanye kake nema, mu ma muna da namu, sai dai mu a sadaka muke raba shi." Rabona da gumba tun ina makarantar firamare. Na cinye dunƙule biyu. Sannan na ce wa ƙanwata ta ɗumamo sauran tuwon. Na wanke hannu na zauna gaban kwanon Inna. Ta daɗe tana kallona kafin ta sa hannu. Loma bakwai na yi. Ita kuwa ta cinye malmala guda.

Rana ta uku na yi yogata da sanyin safiya, ƙofa a buɗe, gorar ruwa biyu a gefe, Kawu na zaune a bakin matakala wai yana shan iska.

Mun kamo hanya bayan la'asar, muka iso Yanbu ana kiran isha'i, iskar teku mai danshi ta tarbe mu. Na koma kan tsarina, kuma ban da niyyar bari. Amma tafiyar ta gyara mini abu biyu. Zafin wani gari ba irin na wani ba ne, dole mutum ya auna kafin ya rufe ƙofa. Na biyu, wata takwas ina lura da duk abin da ke shiga cikina, ban taɓa tunanin wani zai kwana da yunwa saboda shi ba. Na gaya wa Ba'indiyen nan cewa daga yanzu tsarin yana da hutu: duk ranar da nake Anbariyya, abin da Inna ta dafa shi zan ci.