Warin Takalmin Uwar Teku

Ni da Luan Guizhi facaloli ne. Ta auri wan, na auri ƙanen, aka haɗa mu tsakar gida ɗaya a cikin Ganuwar Ruwa ta Penglai, tsohuwar ganuwa ta bakin teku, tun zamanin da masunta ke zaune a ciki. Ban taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba, kuma ni ma ba kanwar lasa ba ce. Ɗinkin koma ne sana'arta. Takan zauna bakin ƙofa ta maƙale koma a babban yatsan ƙafa, hannu na aiki baki na aiki, ba mai wucewa bai sami rabonsa ba. Mun yi faɗa a kan igiyar shanya, mun yi a kan kaji, amma ranar da zan haihu ita ce ta riƙe ni.

'Ya'yanta biyu: Chunyan, wadda ta yi karatu ta tafi birnin Jinan, da Yongtao, dogon saurayi mai ci kamar gara, wanda ya bi ubansa sana'ar ruwa. Wata kaka ya fita kamun jatanlande da abokansa, iskar arewa ta taso musu. Jirage suka riƙa shigowa ta ƙofar ruwa ta ganuwar ɗaya bayan ɗaya, a farfashe. Nasu bai shigo ba.

A wurinmu, idan iska ta tashi namiji yana kan ruwa, mace takan hau dutse zuwa ɗakin Uwar Teku, mai tsaron masu shiga ruwa, da ke ƙarƙashin wani tsohon bene, ta yi alkawari: in kin dawo min da shi, zan ɗinka miki takalma. Jajaye ake yi, 'yan ƙanana, da furanni na zare. In ya dawo sai a kai mata. Guizhi kuwa ta yi nata salon. Ta zauna ta ɗinka su tsaf, ta ja ni muka hau, ta ajiye wari ɗaya a gaban Uwar Teku, ta cusa ɗayan a aljihu.

Na ce, "Yaya, mene ne haka? Ina ɗayan?"

Ta ce, "Yana nan. Ta kawo min ɗana, in ba ta."

"Ke yanzu da Uwar Teku za ki yi ciniki? Kin ɗauka mai tallan kabeji ce?"

"Ke dai Shuping rufe min baki. Wanda ya ga kyan wannan ai dole ya nemi ɗan'uwansa."

Dariya ta kusa kuɓuce min a cikin ɗakin, ga hawaye a idona. Ita ko gezau.

Da hunturu ya wuce ba labari, dangi suka ce a yi abin da ake yi. Wanda ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba, rigarsa da takalmansa ake binnewa, don ya sami kabarin da za a kai masa abinci, a ƙona masa takardar kuɗin matattu, kada ya yi ta gararamba cikin sanyi ba gida. Guizhi ta kwashe rigarsa mai auduga da takalman robarsa na ruwa ta kulle a akwati, ta rataya mabuɗin a wuya. Mijinta ya lallashe ta, ya yi faɗa, har ya durƙusa mata a gabana.

Ya ce, "Uwar Yongtao, yaron nan yana jin sanyi. Ki bar shi ya shigo gida."

Ta ce, "Rayayye za ka binne? In ya dawo ya tarar da kabarinsa, kai za ka yi masa bayani?"

Haka mijin nata ya mutu da abin a ransa. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan, kuma na faɗa mata ido da ido.

Daga baya aka mayar da mu gidajen bene a cikin gari, ganuwar ta zama wurin yawon buɗe ido. Inda muke shanya kifi aka shuka furanni. Amma duk shekara, da zarar sanyi ya sassauta, sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Tashi, ragguwa. Mu je mu duba."

Mu bi bayan baƙi masu huluna iri ɗaya, 'yan mata masu lasifika na gaya musu yadda mayaƙan dā suka tsare gaɓar nan. Guizhi ba ta rasa gyara musu zance. "Nan ba ma'ajiyar makamai ba ce, 'yar nan, bayan gidan maƙwabcinmu Tsoho Mu ne." Baƙi su yi ta dariya. In mun kai saman ganuwa, kusa da tsohuwar igwa mai tsatsa, sai bakinta ya mutu. Mutane na hangen nesa, ko za su dace da siffar wani gari da aka ce takan bayyana a kan ruwa in an yi hazo. Ita ƙofar ruwa kawai take kallo, hannunta a aljihu kan warin takalmin. Ba ta ƙara shiga ɗakin Uwar Teku ba. Ta ƙofa take leƙawa ta ce, "Yana nan fa," mu wuce. In mun sauko mu sha taliya da romon kifi, ta kushe mai dafawa, mu koma gida. Shekaru sun haura ashirin a haka.

Bara idonta ya yi rauni, hannu ya kama rawa, ta faɗi a kicin. Chunyan ta zo ta ce za ta tafi da ita Jinan, inda ko ƙanshin teku ba a ji.

Ta ce da ni a ɓoye, "Inna, ki yi mata magana. In muka tafi ba a binne kayan Yongtao ba, shi ke nan ba za a taɓa yi ba."

Na ce, "Ubanki ma ya gaza, sai ni?"

Guizhi ta ce ba inda za ta sai ta hau dutse. Muka tafi mu biyu, tsofaffi, tana jingine da ni ina jingine da sanda. Ranar akwai iska, dutsen kuwa sanyi kamar ƙanƙara. Muna cikin hawan matakalar ganuwa sai takalminta na yadi ya zame daga ƙafar hagu, ya gangara ta wata kafa, ya faɗa ruwa.

Na ce, "To, madalla. Na ce ki sa mai igiya, kin ce ke ba 'yar makaranta ba ce."

Ta ce, "Mu je kawai, ba a kansa aka fara ba."

Ta taka da safa. Ta sake takawa, tana ɗingishi, tana jan tsaki. Duwatsun bakin teku ne, masu kaifi, ga laima. Ba mu yi nisa ba ta ce, "Kai, ba ya yiwuwa. Wa zai iya tafiya da ƙafa ɗaya a kan..."

Sai ta tsaya cak. Na ji hannunta ya damƙe kafaɗata har da zafi. Na waiwaya na dube ta.

Ta ce, "Shuping. Da me za ta je?"

"Wa?"

"Uwar Teku. Na bar ta da wari ɗaya. Ga sanyi, ga nisa. Da me za ta je ta ɗauko shi?"

Na ce, "Haba Yaya, ita da ke tafiya a kan ruwa, ina ruwanta da takalmi?"

Ba ta ji ni ba. Ta ce, "Ni ina nan ina jiranta, ashe ita ma ni take jira. Ni na hana ta. Wayyo ɗana, ni ce."

Ranar da jirgin ya ɓace ba ta yi kuka ba, ranar da mijinta ya mutu ba ta yi ba. A nan kan matakala ta zauna, baƙi na raɓa mu suna wucewa, ta yi kukan da na ji kamar a tsage min ƙirji. Na cire takalmina na sa mata, na bi ta da safa har ɗakin Uwar Teku.

Ta fito da warin daga aljihu. Jan ya koɗe, furannin sun goge saboda shafa. Ta tambayi matar da ke kula da turare ina ɗan'uwansa. Matar ta dube ta, ta dube ni, ta ce a hankali, "Kaka, kayan da suka daɗe ai ba sa zama a nan. Amma na tabbata ta karɓa."

Guizhi ta ce, "To yanzu ma ɗaya gare ta ke nan." Ta kalli hannuwanta da ke rawa, waɗanda ko allura ba sa iya riƙewa. Ta ajiye shi duk da haka, ta daidaita shi ya fuskanci ƙofa.

Muka koma kusa da igwa muka zauna, wai mu ɗan jira ko yaya. Da rana ta karkata ta cire mabuɗin daga wuyanta ta sa min a hannu.

Ranar da za mu binne kayan, kusa da kabarin ubansa, ni na jera su a ƙaramin akwati: rigar audugar, sannan takalman robar. Idonta ba ya gani sosai, sai ta durƙusa ta sa hannu tana lalube. Ta taɓa ɗaya, ta taɓa ɗayan. Har an ɗauko murfi ta ce a dakata.

"Shuping, duba min. Biyu ne?"

Na ce, "Biyu ne, Yaya."

Ta ce, "Sake dubawa."